Damargu: Abin da Jama'a ke Faɗa kan Boko, Aiki da Siyasa

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, batun wannan zama shi ne ra'ayin mutanen Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji, a kan abubuwa uku da ba su rabuwa a bakin talaka: karatun boko, samun aiki da siyasa.

An daɗe ana faɗa a ofisoshin Yamai cewa mutumin Damargu ba ya son boko. Maganar tana bukatar gyara. Damargu ƙasar lissafi ce tun kafin zuwan Nasara. Geronta ayarin Abzinawa ke saye su kai Abzin, kuma fataken da ke bin hanyar Kano zuwa Tarabulus ta nan suke ratsawa. Wanda ya gāji irin wannan tarihi ba ya zuba jari inda bai hango riba ba, kuma a wurinsa sa yaro makaranta jari ne, domin an cire hannu guda daga gona ko daga kiwo har tsawon shekara goma ko fiye.

Akwai lokacin da jarin ke biya. Daga samun ƴancin kai a 1960 zuwa shekarun da kuɗin yuraniyom suka cika baitulmali, wanda ya ƙare karatu ba ya neman aiki, gwamnati ke aika masa takardar inda za ta tura shi. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, fari na 1984 ya biyo baya, sai masu ba da bashi na duniya suka gindaya sharaɗin a tsuke ɗaukar ma'aikata. Wannan tsukewa na daga cikin abin da ya fito da ɗalibai titi ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka harbe wasunsu a gadar Kennedy. Taron Ƙasa na 1991, wanda André Salifou ya shugabanta, ya buɗe ƙofar jam'iyyu, kuma a 1993 ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, ya hau mulki da ƙuri'a. Jama'ar wannan yanki sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa.

Ba a cika shekara ba aka karya darajar sefa da rabi, a watan Janairu 1994. Albashi ya riƙa makara wata da watanni, yajin aiki ya bi yajin aiki, azuzuwa suka zauna a rufe. A nan ne ra'ayin jama'a ya juya, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin haka, tun da a littafinsu na bashi sunayen malaman makaranta suka taru. Uban da ya ga malamin ɗansa yana karɓar tiyar gero bashi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan makomar mai takarda. Daga 1998 kuma aka shiga ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka zama malaman kwantiragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo. Makarantu sun yawaita a ƙauyuka, wannan gaskiya ne, amma da yawansu rumfunan kara ne da ba a iya kafawa sai an yi girbi, saboda haka shekarar karatu takan fara da giɓi tun daga tushe.

Babban gwaji ya zo a watan Nuwamba 2011, lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a Bakin Birji, cikin gundumar Tanut, mai iya tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 cikin ɗari na kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kashi 40 na Nijar. A shekarar ce kuma Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ga masana'anta a ƙofar gida, ga jami'a a Damagaram tun 2010. Amma matata ba gona ba ce. Ƙwararru kaɗan take bukata, kuma yaron da ya tsaya a aji shida ba ya cikin lissafinta. Abin da ake ji a majalisun shan shayi shi ne cewa takarda kaɗai ba ta isa sai da uwa a gindin murhu, abin da ƴan boko ke kira PAC, wato dangi, abokai da sanayya. Ko zargin ya tabbata a kowane ɗaukar aiki ko bai tabbata ba, yarda da shi kaɗai ta isa ta sa saurayi ya kama hanyar Agadas, ya nufi Libiya ko Aljeriya, ko ramukan zinariya da aka gano a Jado a 2014.

Game da siyasa, talakan Damargu bai ƙi jefa ƙuri'a ba. Ya fito a zaɓukan shugaban ƙasa, ya fito a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Sai dai ya koyi ɗaukar kamfe kamar kaka ta biyu, lokacin sukari da atamfa, ya karɓi abin da ya samu tun da ya san ba za a sake ganin mai motar ba sai wani zaɓe. Sojoji sun karɓi mulki a watan Yuli 2023, aka rushe jam'iyyu a 2025, kuma kundin da aka kafa a shekarar ya mai da Hausa harshen ƙasa. Koyarwa da Hausa ba baƙon abu ba ne a wannan jiha, domin a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko tun 1973. Iyaye da yawa sun yi ɗari-ɗari da ita, don sun lura cewa jarrabawar shiga aikin gwamnati da Faransanci ake yin ta. Tambayar da uba a Gangara ko Tarka zai yi yau ita ce wadda ya yi a wancan lokaci: da wane harshe za a rubuta jarrabawar ɗaukar aiki, kuma wa zai duba takardun?