MALAMI ƊAYA, ƊALIBAI ƊARI

Jawabi ga iyayen yara da malaman sakandare



Yau maganarmu a kan cunkoso ne a azuzuwan sakandare. A makarantun gwamnati da yawa, aji ɗaya yakan ɗauki yara 80 ko 100. Wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Alhali tsarin ilmi na Nijeriya ya ce kada ajin sakandare ya wuce ɗalibai 40.

Me ya kawo haka? A 1976 aka soma ba da ilmin firamare kyauta a Nijeriya. A 2004 doka ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, wato 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Yara sun amsa kira, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Ba mu kaɗai ba ne. Ƙasar Gana ta mai da babbar sakandare kyauta a 2017. A 2018 sai da ta raba ɗalibai kashi biyu, wasu na karatu wasu na hutu, don wuri ya isa.

To, mu yi ɗan lissafi. Darasi yakan ɗauki minti 40. In aka raba shi ga yara 100, kowa bai samu ko rabin minti ba. Malamin da ke da aji 5 irin wannan, littafi 500 ke jiransa. Ko minti 2 ya ba kowane littafi, zai ci fiye da awa 16. Shi ya sa yaro yakan gama aji uku bai iya rubuta wasiƙa ba, kuma ba wanda ya lura.

Malamai, ga dabaru kafin a samu ƙarin aji.

Na ɗaya, ku raba aji rukuni-rukuni, yara goma-goma. A kowane rukuni a sa mai ƙoƙari ya ja sauran. Haka ake yi a makarantar allo, inda gardi ke biya wa ƙanana.

Na biyu, a riƙa juya wurin zama kowane mako. Na baya su dawo gaba.

Na uku, a yi rubutu manya-manya a allo. Malam ya riƙa zagayawa, yana tambayar yaro da sunansa, har da mai shiru.

Na huɗu, in an ba da aikin lissafi, yara su yi musayar littattafai su duba wa juna. Malam ya ɗauki goma ya duba da kansa, gobe wasu goma.

Iyaye kuma, ga namu aikin. Kun koyi karatu, to ku yi amfani da shi. Da dare ku ce yaro ya kawo littafinsa. Ku duba kwanan wata. Ku ga ko akwai jan biron malam. Ku sa ya karanta muku layi biyu. In mako biyu suka wuce ba a duba ba, ku je makaranta ku tambaya cikin mutunci.

Ku halarci taron iyaye da malamai. Kafinta ya gyara benci, magini ya toshe rufi. Sannan ku rubuta takarda, ku sa hannu, ku kai wa ɗan majalisarku, kuna neman ƙarin aji da malamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya yi wa yaranmu albarka.