Matasanmu da Neman Abin Yi: Nauyin da Ke Kan 'Yan Birni

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



An umurce mu da mu yi magana a kan matasanmu da yadda za su sami abin yi. Mu da muka shafe shekara talatin da biyar a gaban allo, abin da ya fi sosa mana rai shi ne mu iske yaron da muka koya wa ƙirga da rubutu yana zaune a gindin bishiya da hantsi, takardarsa tana cikin akwati.

Ƙasarmu ba matalauciya ba ce. Daga Faskari har Sabuwa, masara da dawa da waken suya da auduga suna yi sosai. Fatake daga Kudu sun san kasuwar hatsi ta Ɗandume da kasuwar shanu ta Sheme. A Ƙanƙara Allah ya binne mana farar ƙasa, wadda ake amfani da ita wajen yin fenti da tangaran da takarda da magunguna. Amma kusan duk wannan arziki a ɗanye yake fita. Wanda ya niƙa, ya tace, ya zuba a buhu mai tambari, shi ke cin ribar, kuma 'ya'yan garinsa ke samun aikin.

Sannan ga jarrabawar rashin tsaro. Ba za mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A shekarar 2021 aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma katse layukan waya. An yi haka ne don neman zaman lafiya, amma mai cajin waya da mai POS da ɗan kamasho duk sun ji a jikinsu. Gonakin bakin daji suka zama saura, samari suka kwarara birni. Wanda bai tafi ba, ya zauna ba aiki, ga kuma masu ruɗar sa da kuɗin haram. Don haka batun aikin yi ga matasa batun tsaron rayukanmu ne.

Gwamnatoci sun yi nasu ƙoƙari. An kafa hukumar samar da ayyukan yi ta NDE tun zamanin Janar Babangida, aka kawo shirin N-Power a 2016. A jiharmu akwai ƙauyen koyar da matasa sana'o'i a Katsina, an kafa hukumar KASEDA ta ƙananan sana'o'i a 2023, an kuma buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024. To, amma yaron da ke ƙauye a bayan Sabuwa, wa zai gaya masa an buɗe ɗaukar ma'aikata? Wa zai cika masa takarda a intanet, ya tsaya masa a matsayin shaida, ya ba shi wurin kwana?

Bari mu ba ku misali. Muna da ɗalibai biyu 'yan aji ɗaya. Mai ƙoƙarin cikinsu ya yi difloma, amma bai san kowa a birni ba. Yau acaɓa yake yi a bayan garin Abuja, da babur na haya. Ɗayan, wanda da ƙyar ya gama sakandare, kawunsa ya kai shi garejin kanikawa a Kaduna. Yanzu yana da nasa garejin, da yara shida 'yan garinmu a ƙarƙashinsa. Abin da ya bambanta su shi ne ɗaya ya sami mai riƙe masa hannu.

Wannan hannun kuwa naku ne, ku 'yan birni. Saboda haka muna roƙon ƙungiya abubuwa huɗu. Na farko, kowane reshe ya buɗe rajistar matasanmu maza da mata, da abin da kowa ya karanta ko ya iya, domin duk wanda ya ji labarin gurbi ya san wanda zai kira. Na biyu, duk ɗan ƙungiya mai shago ko gareji ko ofis ya ɗauki yaro ɗaya daga gida a bana, a rubuta yarjejeniya a gaban iyayensa da ranar da za a yaye shi. Na uku, a ware wani kaso na kuɗin da muke kashewa a bukukuwa, a yi asusun rance marar ruwa, wanda za a bayar da kayan aiki kamar keken ɗinki da injin niƙa maimakon tsabar kuɗi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan don na baya su samu. Na huɗu, 'yan kasuwarmu su haɗa jari su kafa ko da ƙaramar masana'antar abincin kaji ce a gida, tunda masara da waken suya a ƙofarmu suke.

Ku kuma matasa, ku cire girman kai. Babu sana'ar da ta fi ƙarfin mai digiri ya tsuguna ya koya, kuma amanar da ɗayanku ya ci, ƙannensa goma take rufe wa ƙofa.

'Yan'uwa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yawancinmu wani ne ya biya mana kuɗin mota ranar da muka fara fita. Muna fata baɗi war haka sakatare ya tashi ya karanto mana sunayen yaran da aka ɗauka da inda kowannensu yake.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.