Jawabi A Kan Dabbar Da Ta Fi Kowace Girma



Kowa ya san giwa ce babba a dawa. Amma a cikin teku akwai wadda ta fi ta nesa ba kusa ba. Turawa suna kiranta bulu-wel, wato shuɗiyar wel. Babu dabbar da ta kai ta nauyi a duk duniya.

Tsawonta yakan kai mita 30, kamar a jera mutum 17 a kwance. Nauyinta yakan kai tan 150, wato nauyin giwaye 25.

Siffarta ta kifi ce, amma ba kifi ba ce. Kamar ayu take. Tana tasowa saman ruwa ta shaƙi iska. Tana haihuwa, tana ba da mama. Ɗanta yakan kai mita 7 ranar da aka haife shi. Kullum yana ƙara nauyin kilo 90, kusan buhun masara guda.

Duk girman nan nata, ba ta da haƙori. Abincinta ƙananan jatan lande ne, waɗanda ba su wuce ɗan yatsa ba. Takan kamfaci ruwa cike da baki, ta tace shi da wani abu mai kama da rariya. A yini ɗaya takan ci tan 4 ko fiye.

To, amma girmanta bai cece ta daga hannun ɗan Adam ba. Mafarauta sun bi ta da manyan jirage da igwa mai harba mashi. Kitsenta suke so, don yin sabulu da man ci. A ƙarni na 20 an kashe fiye da 300,000. Ita kuwa ɗa ɗaya take haifa cikin shekara 2 ko 3. Ana kashewa da yawa, ana haihuwa kaɗan, har ta kusa ƙarewa.

A shekarar 1966 ƙasashe suka haɗu suka hana farautarta. Tun daga nan take ƙaruwa sannu a hankali. Masana sun ƙiyasta yanzu akwai tsakanin 10,000 da 25,000. Har yau manyan jiragen ruwa sukan buge wasu su mutu.

Jama'a, shekaru fiye da 50 ke nan da hana farautar, amma ba ta koma yawanta na da ba. Ɓarna ba ta da wuya, gyara ke ɗaukar lokaci.

Allah ya sa mu amfana, amin.