Sojan Da Ya Dawo Gida, Wa Zai Riƙe Shi?

Iyayena da 'yan'uwana na Talata Mafara, Bakura da Maradun. Da malamin makaranta nake, kafin in ajiye alli in kama aikin jam'iyya. Yau zancen 'yan mazan jiya na kawo muku.

Ku tambayi dattawa. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, sojan Nijeriya sun kai wajen 250,000. Daga baya aka sallami dubbai, da yawansu suka dawo ba gona ba sana'a, wasu suka ƙare a gadin gidajen masu kuɗi. Yau ma 'ya'yanmu ne ke fafatawa da Boko Haram da 'yan bindiga. Amma a 2025 sai da tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Haba jama'a!

Fansho na Gwamnatin Tarayya ne, kuma yakan makara. Ciki kuwa ba ya jiran takarda. Don haka jam'iyyarmu ta yi alkawarin bai wa kowane soja ɗan jihar nan alawus duk wata, daga ranar sallama har ya sami aiki ko fanshonsa ya fito. Mai son noman rani a Bakolori za a ba shi iri da taki da injin ban-ruwa. Ba za a ƙwace gonar kowa ba, don ba mu manta da jinin da aka zubar a 1980 ba.

Ranar zaɓe ku tuna da wanda ya kwana a daji domin ku kwana a gida. Ku dangwala wa jam'iyyarmu. Allah ya ba mu sa'a, amin.