Amoniya a tankin mota ko a buhun taki? Jawabin magatakarda a bikin zagayowar ranar ƙungiya

Shugaba, dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, sannunku da zuwa daga Maraɗi, Ɗan Issa, Jibiya da Katsina.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur a Najeriya, littafin ofishinmu ya cika da ƙorafi tsakanin masu kaya da masu motoci a kan kuɗin dako. Da matasanmu suka fara kawo labarin wani sabon man mota mai suna amoniya, shugabanni suka ce mu bincika. Ga abin da muka samo.

Amoniya ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce warin nan mai hawa kai da ke tashi a ɗakin kaji, kuma da ita ake yin takin yuriya da muke lodi kowace damina. Masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 an gina ta ne don fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara.

Abin da ya sa ake zawarcinta shi ne ba ta da kabon, sinadarin da ke cikin hayaƙin gazuwal yana ɗumama duniya. Iskar haidirojin ce a cikinta, haɗe da naitirojin. Haidirojin mai ne mai tsabta, amma ɗaukarsa wuya, don ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifili. Amoniya kuwa a digiri 33 ƙasa da sifili take zama ruwa, ko a matsa ta a tukunya kamar gas ɗin girki. Ke nan ita ce buhu, haidirojin ne hatsin. Ana iya ƙona ta a inji, ana iya kuma raba ta a ciro haidirojin a ba mota lantarki. A 1943, da yaƙi ya hana Beljiyam samun gazuwal, da amoniya aka tuƙa bas-bas. A 2023 kamfanin Amogy ya gwada ta a babbar mota a Amurka.

To, sai dai akwai sauran rina a kaba. Ƙarfin lita ɗaya na amoniya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na litar gazuwal ba, tankin mota sai ya ninka wajen sau uku. Guba ce, tana ƙona ido da huhu. Ku tuna layin motoci a bakin iyaka cikin zafin Afrilu, ga masu talla ga yara, a ce tukunya ta yi yoyo. Yawancin wadda ake yi yau ma da iskar gas ake yin ta, hayaƙin yana fita a masana'anta. Kuma babu gidan mai ko ɗaya a hanyarmu da ke sayar da ita.

Inda maganar ta fi shafarmu shi ne taki. Mafi yawan amoniyar duniya taki ake yi da ita, yanzu kuma masu jiragen ruwa sun fara nemanta. In masu saye suka yi yawa, buhun yuriya zai iya tashi, manomin da muke sayen wakensa da albasarsa shi zai fara ji, mu biyo baya.

Saboda haka shawararmu uku ce. Kada kowa ya ba wani kuɗi don a mayar masa da mota mai amoniya, sai ya zo ofis tukuna. Kada mu sayar da motocin da ke ciyar da mu, mu saki reshe mu kama ganye. Sannan daga wannan wata ofis zai riƙa rubuta farashin taki na Jibiya da na Maraɗi kowane mako, duk mai so ya zo ya duba.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa.