Ka Dubi Aikin Gwani

Karatunmu na yau yana cikin Ibraniyawa sura 12, aya 1 zuwa 3.

Wani saurayi ya tafi Zariya koyon zane da fentin mai. Malaminsa ya ba shi hoton cikin wata majami'a ta garin Haarlem a ƙasar Holan, ya ce ya kwaikwaya. Aikin Pieter Saenredam ne, wanda ya rasu a 1665. Shi wannan gwani, kafin ya taɓa fenti, sai ya auna ginin majami'ar tukuna, ginshiƙai da bakan gizo duka.

Yaro ya zana nasa, sai ga ginshiƙai sun karkace kamar ɗakin zai faɗi. Ransa ya ɓaci, ya ce ya bari ke nan. Malamin ya ce, “Ɗana, hannunka kake ta duba, ba aikin gwanin ba.” Ya nuna masa yadda layukan daɓe da na rufi duk suke haɗuwa a ɗigo ɗaya. In ɗigon nan ya ɓace maka, kome ya karkace.

'Yan'uwa, abin da nassinmu yake koya mana ke nan. Ɗigonmu Yesu ne. Aure, da noma, da ciniki, da renon yara, in ba wurinsa suka nufa ba, gidan zai karkace.

Wataƙila kana jina yanzu, ka daɗe ba ka shiga sujada ba don kunyar abin da ka aikata. Kana cewa, “Ni ina zan kama da Almasihu?” To, saurara. Fentin mai ba ya bushewa nan take, yakan yi kwanaki da danshi. Mai koyo yana iya kankare kuskure da wuƙa, ya sāke. Amma in ya bari ya bushe, aikin ya yi wuya. Zuciya ma haka take. Kada ka bari laifinka ya bushe. Ka tuba yau, ka je wurin wanda ka ɓata wa rai, ka nemi gafara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ɗauke idanunmu daga kanmu, ka kafa su ga Ɗanka, ka gyara abin da ya karkace cikinmu. Cikin sunan Yesu, Amin.