Littafin da Ke Ba da Labarin Marubuta

Jama'ar Tsinga da Briqueterie a nan Yawunde, da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka.

Yau hirarmu kan littattafan da ke ba da labarin marubuta ce da ayyukansu. Ku ɗauki Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a Zariya a 1988. Daɗin irinsa, ba sai an fara daga farko ba. Babi guda tsakanin Magariba da Isha'i ya isa.

A irinsu ne za ku ji labarin gasar 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Kun san kuwa marubutansu, Abubakar Imam da Bello Kagara, ƙane ne da wa? To, da mutum ya ji haka, sai ƙwaɗayin littattafan kansu ya kama shi.

Nan ne abin ya shafe mu. Yaranmu da Faransanci suke karatu. Hausa na bakinsu, amma a miƙa musu ita a rubuce, sai su yi tsuru-tsuru. Labarin marubuci kan jawo yaro ga littafi.

Don Allah, mai zuwa Kano, bayan atamfa, a riƙo mana guda. Sai mako mai zuwa.